Harsashin da Ya Sha Ruwa ko Mai: Yadda Ake Gane Shi, da Abin da Ake Yi da Shi

Kawuna maharbi ne. Yana da bindiga mai baki biyu da lasisinta, da wata ɗamarar fata mai ramuka inda yake jera harsasansa. Wata shekara, damina ta ɗauke kaka ta shigo, ya sauko da ɗamarar daga ƙusar da take rataye a bangon ɗakinsa na ƙasa, ina zaune a gefen tabarma ina kallo. Ya ja harsashi na farko, ya ƙi fitowa sai da ya sa ƙarfi. Gindinsa ya yi wani kore-kore mai danƙo kamar gansakuka, jikinsa na takarda kuma ya kumbura har bindigar ta ƙi karɓarsa. Na ce, "Kawu, a shanya su a rana mana, ai za su bushe." Ya daɗe yana jujjuya harsashin a tafin hannunsa, sannan ya ce, "Bushewa kam za su bushe, yaro. Amma wa zai shiga ciki ya gano mini wanda ya warke?"

Na girma na karanta abin da masu ƙera harsasai da kansu suke faɗa a kan wannan matsala, na tarar duk bayaninsu a kan tambayar Kawu yake komawa. Harsashi rufaffen abu ne. Ba a buɗe shi a duba a mayar, kuma hanya ɗaya ce ta gwada shi, wato a harba, daga nan kuwa ya ƙare. Saboda haka duk ilimin kula da shi ya tattara ne a kan sanin abin da ya same shi tun daga ranar da ya fito daga kwalinsa.

Wannan jagora ta fi karkata ga harsashin ƙaramar bindiga, fistol ko libarba, irin wadda ake ɗauka a jiki don kare rai. Inda aka fi tattauna batun shi ne Amurka, ƙasar da kotun ƙolinta ta tabbatar a 2008 cewa mutum yana da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai, kuma mutane da yawa suke yawo da ita a kugu ruwa da rana. A Najeriya ba haka abin yake ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba a jerin bindigogin da aka haramta wa mutum riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuma sai da na kwamishinan 'yan sandan jiha. To a wajenmu maganar ta shafi jami'in da hukuma ta damƙa wa fistol, wanda ruwan Agusta kan doke shi a bakin shinge, da kuma maharbi mai lasisi irin Kawu, domin abin da ke kashe harsashin wancan shi ne ke kashe na wannan.

Ƙofofi biyu

Ɗauki harsashin 9mm, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1900 kuma har yau shi ya fi yawa a fistol ɗin 'yan sanda da sojoji a duniya. Abubuwa huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, galibi na tagulla, wato haɗin jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. Akwai ƙwayar da ke fita, dalma ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe. Akwai garin albarushi a ciki, wanda yawanci bai wuce rabin giram ba. Sai wani ɗan maɓalli a tsakiyar gindin kwanson, wanda masu sana'ar ke kira firaima, ni kuwa zan kira shi ƙyastu, don aikinsa ke nan: allurar bindiga ta doke shi, ɗan sinadarin da ke cikinsa ya yi tartsatsi, wutar ta bi wani ƙaramin rami ta kama garin.

Kwanson kansa ba ya yoyo. Ruwa ko mai ba su da hanyar shiga sai ta wuri biyu: bakin kwanso inda ƙwaya ta zauna, da da'irar da ke kewaye da ƙyastu. Duka wuraren biyu matse su aka yi da inji, ƙarfe a jikin ƙarfe, shi ya sa harsashin kamfani mai kyau yakan jure ruwan sama ba tare da ya ko gane an yi ba. Ramin da ake gani a kan harsashin kare kai, wanda aka yi don ƙwayar ta buɗe in ta shiga jiki, ba ya zarcewa ciki. Ƙura da zaren riga za su iya taruwa a nan, amma ba ta nan ruwa ke kai wa ga gari ba.

Harsashin soja an ƙara masa kariya a waɗannan ƙofofi. Juya gindinsa za ka ga siririn zobe ja ko kore ko shuɗi a kewayen ƙyastu, kamar an ɗiga jan farce. Wannan danƙo ne na toshe kafa. A cikin bakin kwanson kuma akan shafa wani abu mai kama da kwalta kafin a zaunar da ƙwaya. Kafin rundunar soja ta karɓi kaya, akan ɗebi samfuri a nitsar a ruwa cikin wata rufaffiyar tukunya, a zuƙe iskar da ke sama, a zuba ido: harsashin da kumfa ya fito daga jikinsa yana da kafa. Da yawa daga cikin harsasan da ake yi wa 'yan sandan Amurka da masu kare kai su ma suna zuwa da irin wannan toshiya, kuma akan lulluɓe kwansonsu da farin ƙarfen nikel don kada ya yi saurin dafewa. Harsashin atisaye mai araha galibi ba shi da ko ɗaya. Wannan bambanci yana daga cikin abin da mutum yake biya in ya sayi mai tsada.

Akwai iri biyu da suka fi kowa rauni. Na farko ƙaramin harsashin nan .22, wanda ƙyastunsa ke shimfiɗe a cikin gefen gindi, kuma ƙwayarsa ba ta matse sosai ba. Wani lokaci da yatsa ma kana iya juya ta. Na biyu harsashin bindigar farauta, wanda bakinsa naɗe shi kawai aka yi. Na takarda irin na Kawu shi ne mafi saurin lalacewa. Na roba, wanda ya fara yaɗuwa tun wajen 1960, ba ya kumbura, amma naɗin bakinsa bai hana ruwa shiga ba, kuma gindinsa da ke ƙyalli kamar tagulla sau da yawa baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, yana tsatsa.

Abin da ruwa yake yi

Albarushin adaka da garin harsashin zamani ba abu ɗaya ba ne, kuma nan ne mutane suke ruɗewa. Baƙin albarushi yana ɗauke da wani gishiri da ke narkewa a ruwa, yana kuma jan laima daga iska, shi ya sa maharban gargajiya suke kaffa-kaffa da shi da damina. Wannan damuwa ce, tare da jinkirin tashin bindiga mai ƙanƙara, ta sa wani limamin coci ɗan Sukotlan mai son harbin agwagin ruwa, Alexander Forsyth, ya ƙirƙiro hanyar tayar da bindiga da bugu, ya yi mata rajista a 1807. Garin zamani kuwa, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fara samarwa a 1884, daga audugar da aka sarrafa da asid ake yin sa, kuma ba ya narkewa a ruwa. Sinadarin ƙyastu ma a jiƙe ake zuba shi a masana'anta, don a jiƙe ba ya tashi, sai ya bushe ya zama mai saurin kamawa.

Abin da wannan ke nufi yana da fuska biyu, kuma dukansu suna da haɗari. Jiƙaƙƙen harsashi na iya ƙin tashi yau, ya bushe bayan wata uku ya tashi. Wanda ya jefa tsofaffin harsasai a bokitin ruwa yana zaton ya kashe su bai kashe su ba. Wanda kuma ya tsamo nasa daga ruwa ya goge ya ga suna ƙyalli, ba shi da hujjar cewa lafiyarsu ƙalau. A kwali ɗaya mai harsashi hamsin, arba'in da tara na iya tashi daidai, ɗaya ya zama ya sha ruwa ta wata kafar da ido ba ya gani, kuma kamanninsa ɗaya da sauran.

Saboda haka sai a raba jiƙewa gida-gida. Ruwan sama da ya doki mutum yana bakin aiki, ko ya faɗa kwata ya tashi nan take, wannan abu ne mai sauƙi ga harsashin fistol na kamfani. A cire gidan harsashin, wato mazubin da ake jera su a ciki a cusa wa fistol, daga bindiga, a zazzage harsasan duka, a goge kowanne da busasshen ƙyalle, a bar su a inuwa inda iska ke kaɗawa. Gidan harsashin shi ma a kwance shi a busar da cikinsa, domin a nan ruwa ke kwanciya ya ci sifirin da tsatsa, kuma mutane sun fi mantawa da shi. Ni dai ra'ayina, ko irin waɗannan harsasan ma, in da hali, a mayar da su na atisaye a sa sababbi a bindigar aiki. Kuɗin harsashi goma sha biyar ba abin da za a auna da rai ba ne.

Nitsewa daban ce. Harsashin da ya kwana a ƙarƙashin ruwa, ko ya yi kwanaki, ruwan yana danna shi ta kowace kafa, kuma zafin rana da sanyin dare suna sa iskar cikin kwanso ta kumbura ta koma, tana zuƙo abin da ke waje kaɗan-kaɗan. Ruwan ambaliya kuma ba ruwan randa ba ne. Wanda ya ga abin da ya malalo cikin Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024 ya san yana tafe da laka da kwata da baƙin mai da taki. Cibiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta fitar da matsaya a kan wannan saboda yawan guguwa da ambaliya a ƙasarsu: harsashin da ya nitse kada a yi ƙoƙarin ceto shi, kada a harba shi, a tuntuɓi hukuma a kan yadda za a rabu da shi. Sun kuma yi gargaɗi a kan busar da shi da zafi. Kada a kai shi kusa da murhu ko garwashi, kada a shanya shi a kan kwanon rufi da tsakar rana. Zafin ba ya mayar da abin da ya lalace, yana iya ƙara lalata shi, ga kuma haɗarin da ke cikin yin hakan.

Akwai jiƙewar da ba a lura da ita saboda ba ta zuwa rana ɗaya, wato gumi. Bindigar da ke manne da jiki a watan Afrilu tana shan zufa mai gishiri kullum. Kuben fata yana riƙe danshin, sinadaran jima da ke cikin fatar kuma suna cin tagulla, su ne suke haifar da koren nan da na gani a ɗamarar Kawu. Harsashin da ya yi wata shida a kugu ya ga wahalar da ɗan'uwansa na cikin kwali bai gani ba a shekara goma.

Mai ya fi ruwa wayo

Wani ƙanena da ke aikin ɗamara ya taɓa nuna mini yadda yake gyara fistol ɗinsa. Yana son makaminsa, kuma a ganinsa son shi ne ya shayar da shi mai har yana ɗiga. Da ya gama ya mayar da gidan harsashi, na karɓa na ciro na saman, na nuna masa gindinsa a hasken taga: mai ya kewaye ƙyastun yana sheƙi. Ya ce, "Yaya, ai mai ba ya ɓata ƙarfe." Gaskiyarsa, ƙarfe ba ya ɓaci. Abin da ke bayan ƙarfen ne abin ji.

Ruwa yana bushewa ya tafi, mai kuwa zama yake yi. Akwai kuma nau'in man da aka yi shi musamman don ya kutsa cikin ƙaramar kafa, irin wanda makanikai ke fesa wa ƙusar da ta ci tsatsa, su WD-40 da 'yan'uwansa, har da kananzir da man dizal da wasu ke wanke bindiga da su. Halin da ke sa su kwance noti shi ne ke sa su bi da'irar ƙyastu a hankali. Ba na cewa ɗigo ɗaya yana kashe harsashi nan take. Harsashi mai toshiya yana iya daɗewa a cikin mai ya tashi lafiya. Amma harsashin da ke zaune a ɗakin bindiga, wato gurbinsa a gindin bututu, wata da watanni, gindinsa na jingine da ramin allura inda mai ke tsattsafowa, shi ne na farko da za a nema ranar da rai ke kan siraɗi, kuma shi ne ya fi kowanne shan man. In man ya isa sinadarin ƙyastu yana iya dushe shi. In ya isa gari yana sa ya dunƙule ya ci rabi ya bar rabi. Kamar yadda yake ga ruwa, jiƙa harsashi da mai ba tabbatacciyar hanyar kashe shi ba ce, ko da yake mutane da yawa sun ɗauka haka ne.

Gyaran mai sauƙi ne. Kafin a taɓa kwalbar mai, a cire harsasai duka a kai su wani wuri daban, ba kan tebur ɗin da ake aikin ba. Wannan ma ƙa'idar tsaro ce tun kafin ta zama ta kula da harsashi. A sa mai a inda ƙarfe ke gugar ƙarfe kawai, ɗigo-ɗigo, gwargwadon yadda littafin bindigar ya nuna. Ramin allura a bar shi a bushe. Kamfanin Glock, alal misali, yana hana sa mai a wannan rami, domin ban da barazanarsa ga ƙyastu, man yana tara ƙura da toka ya zama kunu mai kauri da ke rage wa allura ƙarfin bugu. Cikin gidan harsashi ma a bushe ake barinsa. In an wanke bututu, a bi shi da busasshen ƙyalle har ya fito ba maiƙo, musamman ɗakin da harsashi ke zama.

Wannan na ƙarshen yana da wani dalili na daban. Lokacin da harsashin 9mm ya tashi, matsin da ke cikinsa na iya kai fam 35,000 a kan kowane inci murabba'i, kusan ninki dubu na iskar tayar mota. Kwanson yakan buɗe ya kama bangon ɗakin na ɗan ƙiftawar ido, wannan kamun yana ɗauke wani kaso na nauyin. In akwai mai a tsakani sai kwanson ya zame, ƙarin nauyi ya koma kan abin da ke tare shi ta baya. Don haka ba a shafa wa harsashi mai don ya yi santsin shiga. Harsashin da ba ya shiga sai da mai, ko shi ko bindigar akwai mai matsala.

Sai maganin goge tagulla. Ana samun mai son ya ga harsasansa na walƙiya ranar fareti, ya bi su da ruwan goge maɓalli. Yawancin irin waɗannan, da wasu magungunan wanke bututu, suna ɗauke da sinadarin amoniya, mai warin nan da ke tashi daga tsohon fitsari. Sojojin Ingila a Indiya sun sha mamakin yadda kwansunansu ke tsagewa a wuya bayan kowace damina, har suka sa wa abin sunan tsagewar yanayi. Sai a 1921 aka gano dalilin: a bargar dawaki suke jibge akwatunan har ruwa ya ɗauke, amoniyar fitsarin dawakin kuma tana haɗuwa da laima ta ci tagulla a daidai inda inji ya matse ta. Darasin yana nan har yau ga duk wanda ke ajiye harsashi kusa da turken dabbobi, ko kewaye, ko buhunan taki. Dafewar kwanso ba ta hana shi aiki. Busasshen ƙyalle ya ishe shi.

Dubawa da ido da yatsa

Ko da yake ido ba ya shiga ciki, yana kama abubuwa da yawa a waje. Shimfiɗa farin ƙyalle a wuri mai haske, ka jera harsasan a tsaye. Wanda ya fi sauran gajarta, ƙwayarsa ta nitse cikin kwanso ke nan, a fitar da shi. Wannan yakan faru ga harsashin da ake sa shi a ɗaki a cire kowace rana, safe da yamma, domin kowace shiga hancinsa na dukan ƙarfe. Nitsewar tana rage wa gari fili, matsi ya haura, kuma ƙwayar da ta motsa ta riga ta karya toshiyar bakin kwanso. Yawan wannan bugu yana iya farfasa sinadarin ƙyastu ma. Kada harsashi ɗaya ya zama shi ne kullum a sama.

Daga nan ɗauki kowanne ka mirgina shi tsakanin yatsu. Duhun launi kawai ba komai ba ne. Kore mai ɓarɓashi, farin gari kamar gishiri, jan tabo a jikin tagulla, ƙananan ramuka da farce ke ji, tsaga a wuya, loɓawa, ƙyastun da ya bultso ko ya karkace, maiƙo ko warin kananzir a gindi, duk wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan ya fita daga layi. Kwalin ma shaida ne. In ya yi taushi ko ya yi zanen ruwa, abin da ke ciki ya ga laima ko da harsasan sun yi kyau a ido.

In an ja kunama aka ji wani abu daban

Lalataccen harsashi yana nuna kansa ta hanya uku. Yana iya ƙin tashi sam, a ji ƙas kawai. Yana iya jinkiri, a ji ƙas, sai bayan ɗan lokaci ya tashi. Tunda ba a san wanne ne ba a lokacin, a filin atisaye ƙa'idar ita ce a ci gaba da nuna bakin bindiga inda ake harbi, a ƙirga aƙalla daƙiƙa 30, sannan a buɗe a fitar da shi, fuska na nesa. Kada a juyo da bindiga a leƙa, kada a juya da ita wajen na kusa ana tambayar me ya faru.

Ta ukun ita ce mafi muni, kuma ita ce jiƙaƙƙen gari ya fi haifarwa. Ƙyastu ya tashi, gari bai kama ba ko ya kama kaɗan, ƙarfin ya isa ya tura ƙwaya cikin bututu amma bai isa ya fitar da ita ba. Ƙarar takan zo a shaƙe, fus maimakon tau, bindigar ba ta yi tsallen da ta saba ba, wani lokaci kwanson ma bai fita ba. A nan ne maganar Hausawa ta zauna daram, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, domin wanda ya ƙi tashi ya bar bututu a buɗe, wannan kuwa ya toshe shi. In aka sa wani harsashin aka harba a kan toshiyar, bututu na iya kumbura ko ya fashe a hannun mai harbi. Duk wanda ya ji irin wannan ƙara ya tsaya cak. A cire gidan harsashi, a tabbatar ɗaki ba komai, a kwance bindigar a zura sanda ta baya a ga ko ta fita ta gaba.

Wanda ke shakkar cewa ƙyastu shi kaɗai yana iya wannan aiki ya tuna Brandon Lee, ɗan Bruce Lee da masu kallon sinima a ƙasar Hausa suka sani sarai. Ranar 31 ga Maris 1993, ana ɗaukar fim ɗin The Crow a garin Wilmington na jihar North Carolina, aka harbe shi da libarba .44 da kowa ya ɗauka ba ƙwaya a cikinta. Kafin ranar, ma'aikatan fim ɗin sun zazzage gari daga wasu harsasai don a nuna su a hoto, suka bar ƙyastunsu da rai. Ɗaya ya tashi, ya tura ƙwaya ta maƙale a bututu, ba wanda ya duba. Da aka sa harsashin wasa mai gari ba ƙwaya aka harba, sai ya fito da wadda ke maƙale. Ya rasu yana da shekara 28. Ruwa ko mai ba su da hannu a wannan, amma yanayin da aka haɗa da gangan a can, wato ƙyastu mai rai da kwanson da ba garin da zai ci, shi ne daidai abin da laima ke haɗawa a ɓoye.

Ajiya da sauyi

Harsashin da aka ajiye da kyau yana shekaru da dama bai canza ba. Abin da yake so wuri ne mai sanyi, busasshe, wanda zafinsa ba ya hawa da sauka. Akwatin ƙarfe irin na soja mai roba a bakin murfi ya fi komai, in robar ba ta tsage ba. A bar harsasan a kwalinsu na asali, saboda lambar rukunin da ke jikinsa ita ake bi in kamfani ya janye wani kaya. A jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, a riƙa sauya su. A rufe akwatin a ranar da iska ke bushe, domin in aka rufe shi ana tsakiyar marka an kulle laimar ne a ciki. A ɗora shi a kan katako ko kanta, kada ya zauna a daɓe ko ya jingina da bangon da ke jan ruwa, kuma ya kasance a kulle inda yara ba sa kaiwa. Mota ba ma'aji ba ce. SAAMI ta yi gargaɗi a kan zafin da ya haura digiri 65 na ma'aunin Celsius, kuma but ɗin motar da ta yini a ranar bazara yana iya kusantar haka.

Na cikin bindiga kuwa sauya su ake yi. Yawancin masu koyar da harbi a Amurka suna ba da shawarar a sauya harsashin da ake yawo da shi duk wata shida zuwa shekara, a harbe tsofaffin a atisaye. Wannan yana da amfani biyu: an sa sababbi, kuma an ga da ido ko tsofaffin sun jure yadda ake riƙe su. In ɗaya ya ƙi tashi a cikinsu, alama ce cewa akwai abin gyara a yadda ake sa mai ko inda ake ajiya. A ƙasarmu lokacin da ya fi dacewa da wannan shi ne ƙarshen damina. Jami'in da ake ƙirga masa harsashi ɗaya-ɗaya ba shi da ikon harbe su yadda ya ga dama, na sani. Abin da ke hannunsa shi ne ya kai rahoto ga mai kula da ɗakin makamai ranar da abin ya faru, ya ce kayansa sun nitse ko sun sha mai, a rubuta a sauya masa. Masu kula da ɗakunan makamai kuma ya kamata su karɓi irin wannan rahoto hannu biyu, domin in jami'i ya san faɗa zai sha, gogewa zai yi ya yi shiru, harsashin ya koma hannun wani da bai san tarihinsa ba.

Waɗanda aka fitar daga layi a ware su a wani mazubi daban, a rubuta a jiki don kada su koma cikin masu kyau. Ba a jefa su a shara, domin shara a wurinmu ƙona ta ake yi, yara kuma suna tona ta. Ba a jefa su a rijiya ko masai ko kududdufi, ba a binne su a gona inda garma za ta tono su, ba a ba maƙeri ko ɗan gwangwan, ba a kuma sa filaya a ce za a buɗe. Jami'i ya mayar ɗakin makamai. Maharbi mai lasisi ya kai ofishin 'yan sanda da takardarsa a hannu. Kawu haka ya yi da nasa: ya naɗe su a tsumma ya sa a gwangwanin madara, ranar kasuwa ya tafi da su. Ɗamarar kuma ya kankare koren da ke ramukanta da tsinke, ya rataye ta ba komai a ciki, sababbin da ya sayo suka zauna a kwalinsu cikin akwati sai daren da zai fita daji.